Darasin Brazil ga manoman ƙasar Maska

Sau uku Shugaba Bola Tinubu ya je Brazil tsakanin watan Nuwamban 2024 da Agustan 2025: taron ƙasashen G20, da taron BRICS, sannan ziyarar aiki a Brasilia, babban birnin ƙasar.

A kowace tafiya maganar noma ce kan gaba, kuma jami'an Najeriya na yawan kafa misali da Brazil a matsayin ƙasar da ta mayar da daji ya zama rumbun abincin duniya.

Yankin Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗandume, wato tsohuwar ƙasar Maska da kewayenta a kudancin jihar Katsina, na cikin wuraren da wannan magana ta fi shafa, domin nan ne cibiyar masara da auduga da waken suya a jihar.

Tambayar da ke gaban manoman yankin ita ce, wane ɓangare na tsarin Brazil ake shirin kawo musu, kuma wa zai ci moriyarsa?

Nahiya mai harsuna biyu

Kudancin Amurka na da faɗin murabba'in kilomita kusan miliyan 18, da ƙasashe 12 masu cin gashin kansu.

Tara daga ciki Sifaniyanci suke yi: Ajantina da Kolombiya da Peru da Benezuwela da Chile da Ekwado da Bolibiya da Faraguwai da Yuruguwai. A Guyana Ingilishi ake yi, a Suriname kuma harshen Holan.

Brazil ce kaɗai ke magana da harshen Fotugal, sai dai ita ɗaya ta mamaye kusan rabin nahiyar, kuma ƙidayar 2022 ta nuna tana da mutum miliyan 203.

Asalin wannan rabo yarjejeniyar Tordesillas ce ta 1494, wadda Sifaniya da Fotugal suka ja layi a taswira suka raba wa junansu ƙasashen da ba su ma gama sanin iyakarsu ba. Gabashin layin ya faɗa hannun Fotugal, kuma jiragenta suka isa gaɓar Brazil a 1500.

Ƙasashen da Sifaniya ta mulka sun ƙwaci 'yanci da yaƙi ƙarƙashin jagorori irin su Simon Bolivar da Jose de San Martin, suka kuma rarrabu gida-gida. Brazil ta ɓalle daga Fotugal a 1822, ta zauna a dunƙule.

Tsaunukan Andes sun miƙe a yammacin nahiyar tsawon kilomita kimanin 7,000, dajin Amazon ya rufe arewaci, filayen Pampas na Ajantina kuma suna kudu. A tsakiyar Brazil akwai wani makeken fili mai ciyayi da gajerun itatuwa da ake kira Cerrado, mai damina da rani kamar ƙasar Hausa. Shi ne tushen kwatancen da ake yi.

Tsohuwar alaƙa

Dangantakar ƙasar Hausa da waccan nahiya ta girmi kowace yarjejeniya ta gwamnati.

Brazil ta karɓi bayi 'yan Afirka sama da miliyan huɗu, fiye da kowace ƙasa a nahiyoyin Amurka, kuma ita ce ta ƙarshe a can da ta haramta bauta, a 1888.

Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun sa an kai Hausawa da dama jihar Bahia. Su ne suka shirya boren da aka bankaɗo a 1807, suka kuma jagoranci na 1814. A watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, Musulmi 'yan Afirka, galibi Yarbawa tare da wasu Hausawa, sun yi babban bore a birnin Salvador.

Jiragen da suka kwashi mutane su ne suka kawo iri. Rogo da gyaɗa da abarba da koko duk 'yan asalin Kudancin Amurka ne, haka ma kakannin tumatir. Masara kuwa daga Meziko ta fito, kodayake masana harshe na danganta sunanta na Hausa da ƙasar Masar, abin da ke nuna ta hanyar arewa ta iso.

Maska ta yi suna a saƙa da rini tun kafin zuwan Turawa, da audugarta ta gida. Amma irin da Turawan Ingila suka yaɗa a Arewa a farkon ƙarni na 20, wanda aka kafa injinan gurza na Funtuwa da Malumfashi da gonar iri ta Daudawa dominsa, ɗan nahiyar Amurka ne.

Ba alheri kaɗai ke ƙetaro teku ba. Tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon, wadda ta yi ɓarna a Kaduna da Kano da Katsina a 2016, asalinta Kudancin Amurka ne. A wannan shekarar kuma aka fara ganin tsutsar da ke cinye masara, ita ma baƙuwa daga nahiyoyin Amurka.

Yadda Brazil ta yi

Har zuwa shekarun 1960 ana ɗaukar Cerrado, mai faɗin murabba'in kilomita kimanin miliyan biyu, a matsayin ƙasar da ba ta noma, saboda tsaminta da ƙarancin sinadarin fosfaras.

A 1973 gwamnati ta kafa hukumar binciken noma ta Embrapa, ta tura ɗaruruwan matasa karatu waje, ta kuma ci gaba da ɗaukar nauyinta duk da sauye-sauyen gwamnati.

An zuba farar ƙasa mai yawa a gonaki don kashe tsamin ƙasa. An samar da irin waken suya mai jure yanayin ƙasashe masu zafi. Binciken masaniyar nan Johanna Dobereiner kan ƙwayoyin halittar da ke tara sinadarin naitirojin a saiwar shuka ya rage wa manoman waken suya kuɗin taki ƙwarai. Ciyawar da aka shuka wa shanu ma daga Afirka aka ɗauko ta.

Gwamnati ta haɗa da bashi mai sauƙin ruwa da hanyoyin mota. Bayan shekara 50 Brazil ta zama kan gaba a duniya wajen noman waken suya, kuma a kakar 2023 zuwa 2024 ta zarce Amurka wajen fitar da auduga.

Wannan ne ya sa Bankin Duniya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, suka fitar da rahoto a 2009 da ya kwatanta Cerrado da filayen noma na Afirka, ciki har da na Najeriya, yana cewa za a iya maimaita nasarar.

Inda kwatancen ya tsaya

Bambancin farko shi ne mutane. Lokacin da aka buɗe Cerrado jama'ar cikinsa ba su da yawa, shi ya sa mutum ɗaya ya iya mallakar dubban hekta. Ƙasar Maska cike take da ƙauyuka, kuma mafi yawan gonaki na gado ne, 'yan hekta kaɗan, ana ƙara rarraba su a kowane rabon gado.

Babu yadda za a kafa gona irin ta jihar Mato Grosso a nan ba tare da an tayar da masu gonaki ba.

Brazil kanta ta biya wannan farashi. Ƙidayar gonaki ta 2017 ta nuna cewa kashi ɗaya cikin 100 na gonakin ƙasar ke riƙe da kusan rabin ƙasar noma. Ƙungiyar manoma marasa gona ta MST, wadda aka kafa a 1984, na fafutuka har yau, kuma an share kusan rabin ciyayi da itatuwan Cerrado na asali.

Labarin audugar Brazil ya isa ishara ga mutanen Funtuwa. A 1983 wani ƙwaro mai cin ƙwallon auduga ya shiga ƙasar, ya durƙusar da ƙananan manoman arewa maso gabas, har Brazil ta koma sayen auduga daga waje a shekarun 1990. Audugar ta dawo da ƙarfi, amma a hannun manyan gonaki masu injina a Cerrado. Waɗanda suka rasa ta tun farko ba su ne suka sake samunta ba.

An gwada dasa tsarin a Afirka. Shirin ProSavana na haɗin gwiwar Brazil da Japan da Mozambik, wanda aka ƙulla a 2009, ya gamu da turjiyar ƙungiyoyin manoma masu tsoron ƙwace musu gonaki, aka kawo ƙarshensa a 2020.

Bambanci na biyu ruwan sama ne. Daminar Mato Grosso na da tsawon da ake girbe waken suya sannan a shuka masara ko auduga a gona ɗaya. Daminar kudancin Katsina, daga Mayu zuwa Oktoba, amfani ɗaya take bayarwa, sai fa inda ake noman rani.

Na uku tsaro. A Faskari da Sabuwa da Ɗandume hare-haren 'yan bindiga sun shafe shekaru suna raba manoma da gonakinsu na daji. Tarakta ba ta da amfani a gonar da mai ita ke tsoron zuwa.

Taki da tarakta

Abin da Najeriya ta fi mayar da hankali a kai shi ne injina. A watan Janairun 2019 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da shirin Green Imperative na dala biliyan 1.1 tare da Brazil, wanda aka ce zai kawo taraktoci 10,000 da cibiyoyin haya a ƙananan hukumomi.

Sai a watan Maris na 2025, bayan shekara shida, aka sa hannu kan matakin kasuwanci na shirin.

Cinikin taki kuwa bai jira kowa ba. Brazil na sayo sama da kashi 80 cikin 100 na takin da take amfani da shi daga waje, kuma tana cikin manyan masu sayen yuriyar Najeriya, musamman tun da aka buɗe masana'antar Dangote mai ƙarfin tan miliyan uku a shekara a 2022.

Wato takin da aka yi da iskar gas ta Najeriya na ciyar da masarar Brazil, yayin da manomin Bakori ke sayensa da farashin da ke bin dala. Da gwamnati ta ɗage harajin shigo da hatsi na kwana 150 a 2024, farashin masara ya faɗi a shekarar da ta biyo baya, na taki bai bi shi ba, kuma manoma da dama sun koka cewa ba su mayar da kuɗinsu ba.

Ɗaya fuskar Brazil

Akwai wani ɓangare na tsarin Brazil da ba a cika ambatonsa a Abuja ba, alhali shi ya fi dacewa da ƙasar Maska.

Tun tsakiyar shekarun 1990 ƙasar na da shirin bashi na musamman ga gonakin iyali, mai suna Pronaf. A 2003 gwamnatin Lula da Silva ta fara sayen abinci kai-tsaye daga ƙananan manoma. Wata doka ta 2009 kuma ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyar da 'yan makaranta wajen sayen amfanin gonakin iyali.

Wannan ya ba ƙaramin manomi tabbacin mai saye tun kafin ya yi shuka, abin da manomin auduga a Funtuwa ya rasa tun bayan rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986 da durƙushewar masaƙun Kaduna da Kano.

Yankin ba baƙo ba ne ga irin wannan aiki. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970 ya haɗa iri da taki da malaman gona da hanyoyin karkara, kuma shi ne ya taimaka wajen mayar da masara babban amfanin gona a nan. Cibiyar binciken noma ta Samaru, wadda ta girmi Embrapa nesa ba kusa ba, tana Zariya, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Tashar tsandauri ta Funtuwa kuma an buɗe ta a watan Mayun 2024.

Abin da Brazil ta fi Najeriya da shi shi ne ɗorewa: ta riƙe manufa ɗaya shekara 50, ƙarƙashin soja da farar hula.

Saboda haka ma'aunin yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu a Brasilia zai fito ne a kasuwannin Ɗandume da Bakori: nawa buhun taki yake a farkon damina, nawa buhun masara yake da kaka, kuma gonar tana hannun wa.