Samanja Mazan Fama da hakkin ɗan wasa a kanmu



A wannan mako filin namu zai ɗan ajiye zancen farashin gero da na kuɗin duwan, domin mu waiwayi wani mutum wanda muryarsa ta shiga zauruka da rumfunan kasuwa tun daga Kaduna har ƙasar Magarya da Dungas. Ina nufin Alhaji Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja Mazan Fama, wanda Allah ya yi wa rasuwa a Kaduna ran 12 ga watan Nuwamba na shekarar 2023, yana da shekaru sama da 80.

Wani zai ce mene ne namu da ɗan wasan Najeriya? Amsar tana wurin dattawanmu. Tun da aka buɗe gidan radiyon Kaduna a 1962, muryarsa ba ta taɓa tsayawa a kan iyaka ta nuna takarda ba. Bafataken da ke kai dabbobi kasuwar Maigatari, da mai ɗauko kaya daga Kano ta hanyar Ɓaɓura, da mushen lakwal da aka tura ƙauye mai nisa, duka tasha ɗaya suke kamawa in dare ya yi. Sabili da haka Samanja namu ne kamar yadda yake na mutanen Daura da Kazaure.

Abin mamaki shi ne, mutumin da ya sa Hausawa dariya shekara da shekaru Banufe ne. An haife shi a Pategi, garin da ke bakin kogin Kwara, wato kogin nan da ya ratsa Yamai, kuma ɗan gidan sarautar garin ne. Ya yi aiki a gidan radiyon Kaduna, sannan ya shiga soja a zamanin yaƙin basasar Najeriya, wanda aka gwabza daga 1967 zuwa 1970. A bariki ya ga irin mutumin da zai riƙa kwaikwayo daga baya. Samanja muƙami ne na soja, kusan daidai da ajidan a wurinmu: shi ke tsakanin hafsoshi da ƙananan sojoji, daga sama a yi masa tsawa, shi kuma ya sauke ta a kan na ƙasa. Usman Baba ya lura da tafiyarsa, da yadda yake murza gashin baki, da yadda yake cakuɗa Hausa da gurɓataccen Ingilishi, ya tattara su duka ya gina mutum guda, ya kai shi radiyo, daga nan ya kai shi talabijin.

Sai mun tuna da zamanin sannan za mu gane nauyin wannan aiki. Najeriya tana hannun soja daga 1966 zuwa 1979, ta kuma koma hannunsu daga ƙarshen 1983 har 1999. Mu ma nan, tun 15 ga Afrilu na 1974 muka san mulkin kaki. A irin wannan lokaci talaka in ya hango soja sai ya canza hanya. Ga shi kuwa wani ya sa kakin, ya tsaya gaban jama'a, yana nuna musu cewa mai tsawar nan shi ma yana da iyali, yana da rigimar gida, yana kuskure, yana jin kunya. Farar hula ya yi dariya tsoronsa ya ragu, soja ya yi dariya ya ga kansa a madubi. Hausawa sun ce da wasa ake faɗa wa wawa magana. Samanja ya nuna cewa da wasa ake faɗa wa mai ƙarfi ma.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Damagaram. Wasan kara, inda samari ke kwaikwayon sarki da hakimai da manyan gwamnati, da tashen da yara ke yi cikin azumi, da barkwancin ƴan kama a kasuwa, duka hanya ɗaya ce ta gaya wa jama'a gaskiya ba tare da an zub da mutuncin kowa ba. Amma ina tambaya: wane matsayi muke ba wanda ya riƙe wannan a matsayin sana'a? Muna dariya in yana wasa, in ya zo neman auren ƴarmu sai mu ce ba mu ba ɗan wasa. Kalmar kanta ta cuce shi, domin a kunnen mutane wasa kishiyar aiki ne.

Kada mu zaci mu kaɗai muka yi wannan kuskure. Waɗanda suka zauna ajin lise sun karanta Molière, amma ba kowa aka gaya wa ba cewa da ya mutu a 1673, sai da sarkin Faransa ya sa baki kafin malaman coci su yarda a binne shi, shi ma cikin dare, don kawai ɗan wasa ne. A Ingila kuwa, wata doka ta 1572 ta sa ɗan wasan da ba shi ƙarƙashin wani basarake cikin jerin ƴan yawon banza, waɗanda hukuncinsu ya haɗa da bulala. Sai a 1895 aka fara ba ɗan wasa sarautar girmamawa ta Ingila, wato Henry Irving. Bayansa aka yi Laurence Olivier, ɗan wani limamin coci, wanda aka haifa a 1907. Ya yi suna a dandali da wasannin Shakespeare, ya yi suna a silima, fim ɗinsa na Hamlet na 1948 ya ci kyautar Oscar. A 1963 ya zama shugaban farko na ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ƙasa, a 1970 aka ba shi kujera a majalisar dattawan Ingila, da ya mutu a 1989 kuma aka ajiye tokarsa a cocin Westminster, inda sarakunansu ke kwance. Tsakanin bulala da wannan daraja akwai shekara wajen 400. Abin da ya kawo canjin shi ne sun gina gidajen wasa, sun buɗe makarantun koyon sana'ar, sun biya ƴan wasa, sun kuma adana aikinsu, har ɗan makaranta na yau yana iya zama ya kalli Olivier daga farko har ƙarshe.

To, mu fa? Wanda ya nemi wasannin Samanja yau, galibi guntaye zai tarar a cikin waya, hoto ya dushe, murya tana shaƙewa. Na gida ma ba su tsira ba. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gidan radiyon Damagaram, wadda Yazi Dogo ya jagoranta, ta cika kunnuwan ƙasar nan da idanunta a shekarun 1970 da 1980, lokacin da samariya da bukin matasa na ƙasa ke tashe. Har wata Ba'amurkiya mai bincike, Janet Beik, ta wallafa littafi a kan wasan kwaikwayon Hausa na Nijar a 1987. Yaranmu nawa suka taɓa kallon ɗaya daga cikin waɗannan wasanni cikakke? Ga kuma Zalika Souley, tauraruwar silimar Nijar tun 1966, wadda ta fito a fim ɗin Oumarou Ganda da ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Mutane sun riƙa zaginta sabili da halin matan da take kwaikwayo, kamar ita ce su. Daga baya neman abinci ya kai ta aikatau a Amurka. Ta rasu a 2021, kuma ba don fim ɗin da Rahmatou Keïta ta yi a kan rayuwarta ba, da labarinta ya bi ruwa.

Sabili da haka ina da roƙo uku. Na farko ga ƴan kasuwarmu na Magarya da Dungas: ku da ke zuba kyauta a filin kokowa, babu laifi, amma ku tuna da samarin da ke shirya wasa a gidan matasa ba su da ko kuɗin hayar lasifika. Buhun gero ɗaya ko kuɗin mota zuwa ƙauyukan kewaye ya isa ya raya ƙungiya wata guda. Na biyu ga ma'aikata, musamman na ma'aikatar al'adu da magadan gari da masu gidajen radiyon karkara: akwai tsofaffin kasusuwan radiyo da na bidiyo a cikin akwatunan mutane, zafi da ƙura da gara suna cin su. A yi shela a tattara su, a juye su cikin kwamfuta, a mayar wa masu su abinsu. A kuma je wurin tsofaffin ƴan wasan da ke raye a ɗauki maganarsu tun suna iya ba da ita. Na uku ga iyaye da malaman lakwal: in kun ga yaro yana da baiwar kwaikwayo, ku tsare masa karatunsa da tarbiyyarsa, amma kada ku kashe masa baiwar da gori. Ma'aikatar lafiya da ta noma sun daɗe da sanin cewa wasa ɗaya mai kyau a dandalin ƙauye ya fi jawabi goma shiga kunne.

Ɗan gidan sarautar Pategi ya zaɓi ya sa kakin wasa ya tsaya gaban talakawa, kuma da wannan kaki aka san shi har inda sunan gidansu bai kai ba. Yabon gwani ya zama dole, amma gara a yi shi gwanin yana ji. Allah ya jiƙan Samanja da Zalika da sauran waɗanda suka riga mu, ya sa mu san darajar waɗanda suka rage.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.