Ginin Ƙasa Ba Talauci Ba Ne: Darasin Mariam Kamara Ga Makarantunmu

Duk malamin da ke koyarwa a Yamai ya san yadda aji mai bulon siminti da rufin kwano yake zama tanda a watan Afrilu. Kafin azahar yara sun fara gyangyaɗi. Inda babu kuɗin siminti kuma, sai a kafa rumfar zana. Irin waɗannan rumfuna ne suka kama wuta a unguwar Pays-Bas a Afrilun 2021, yara kimanin 20 suka rasu. A Nuwamban shekarar aka sake yin irin wannan rashi a Maraɗi.

A ganina akwai hanya ta uku, kuma 'yar ƙasarmu Mariam Issoufou Kamara ta nuna mana ita. Ta fara da ilimin kwamfuta a Amurka, ta koma karatun tsara gine-gine, sannan ta buɗe ofishinta a Yamai a 2014. Gidajen "Niamey 2000" da ta tsara tare da abokan aikinta, da tubalin ƙasa matsattse aka gina su. A Dandaji, cikin jihar Tawa, ita da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi, aka kammala a 2018.

Hikimar ba sabuwa ba ce. Bangon ƙasa mai kauri yana riƙe zafin rana, sai dare ya sake shi, kuma ba ya cin wuta. Alhaji Falke Barmu, maginin masallacin Yama, ya samu kyautar Aga Khan a 1986 da aikin ƙasa.

Wasu za su ce damina fa? Gaskiya ne, ginin ƙasa yana son kulawa. Amma tubalin da aka matse da inji, aka sa masa ɗan siminti, aka ɗora shi kan tushe mai ƙarfi, yana jure ruwa.

Babban cikas yana cikin kawunanmu. Mun koya wa yara cewa siminti ne arziki, ƙasa kuwa ta matalauta ce. Iyaye, in kwamitin makaranta ya tara kuɗin gina aji, ku nemi a kwatanta farashin ginin ƙasa kafin a sayi bulo. Malamai kuma, mu riƙa gayyatar magina su yi wa ɗalibai bayanin sana'arsu. Yaron da ya raina aikin kakansa ba zai iya inganta shi ba.