Sharhi: Allurar sankara ta mutum guda da tambayar wa zai mallaki hanyar haɗa ta

A watan Disamba na 2022, kamfanonin magunguna biyu na Amurka, Moderna da Merck, suka bayyana sakamakon wani gwaji da suka gudanar a kan mutum 157 masu fama da melanoma, wato nau'in sankarar fata mafi haɗari. Dukkansu an yi musu tiyata an cire ƙarin. Wasu an ba su maganin Keytruda shi kaɗai, sauran kuma aka haɗa musu shi da wata allura wadda aka ƙera wa kowane majinyaci tasa daban. A tsakanin waɗanda suka samu allurar, haɗarin dawowar cutar ko mutuwa ya ragu da kashi 44 cikin 100. Da aka ci gaba da bibiyarsu har kimanin shekara uku, alƙaluman suka nuna raguwar kashi 49. A watan Yuli na 2023 aka shiga mataki na uku na gwajin, da majinyata sama da dubu.

Likitoci sun yi maraba da wannan labari, amma makomar allurar ba a hannunsu kaɗai take ba. Tun kafin hukumomin magunguna su ce uffan, takardun neman haƙƙin mallakar ƙirƙira sun riga sun isa teburin jami'an tantancewa a Amurka da Turai da Asiya. Abin da waɗannan jami'ai suka amince da shi, da abin da suka ƙi, shi ne zai fayyace wanda ke da ikon haɗa irin wannan allura har tsawon shekara 20, da kuma farashin da majinyaci zai biya.

Yadda ake haɗa allurar

Ko da yake ana kiran ta allurar rigakafi, ana yin ta ne ga wanda cutar ta riga ta kama. Likita zai yanko ɗan tsokar ƙarin, ya ɗebi jinin majinyacin, a karanta ƙwayoyin halittar da ke cikin kowanne, a gwama su. Inda aka ga sauyin da ƙarin kaɗai ke da shi, nan ne alamar da ta bambanta ƙwayar sankara da lafiyayyar ƙwaya. Sai manhajar kwamfuta ta zaɓi alamomin da take hasashen garkuwar jikin mutumin za ta fi saurin ganewa. Allurar Moderna tana ɗaukar har alamomi 34, ta kamfanin BioNTech na Jamus kuma har 20. Ana rubuta su a cikin saƙon mRNA, irin fasahar da aka yi amfani da ita a rigakafin korona, a naɗe saƙon cikin ƙananan ƙwayoyin kitse, a yi wa mutumin allura. Aikin yakan ɗauki makonni kafin allurar ta dawo asibiti.

A wani ƙaramin gwaji da aka yi a cibiyar Memorial Sloan Kettering ta birnin New York, wanda mujallar Nature ta wallafa a watan Mayu na 2023, an yi wa mutum 16 masu sankarar gaɓar da ke samar da insulin allurar BioNTech. Garkuwar jikin takwas daga cikinsu ta amsa, kuma su ne cutar ta fi jinkirin dawo wa. A Ingila, hukumar lafiya ta ƙasa ta buɗe wani shiri a 2024 na haɗa majinyata da irin waɗannan gwaje-gwaje.

Abin lura shi ne, allurar da aka haɗa wa mutum ɗaya ba ta da amfani ga wani, ko da sunan cutarsu ɗaya ne. A nan dokar haƙƙin ƙirƙira ta gamu da abin da ba ta saba ba.

Ciniki tsakanin mai ƙirƙira da al'umma

Haƙƙin mallakar ƙirƙira ciniki ne. Mai ƙirƙira zai bayyana sirrin abin da ya gano dalla-dalla, ita kuma hukuma ta hana kowa yi ko sayar da abin ba da izininsa ba har shekara 20 daga ranar da ya shigar da takarda. Wannan wa'adi yana cikin yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya. Idan ya cika, kowa na iya ɗaukar bayanin ya yi nasa, kuma ta haka ne magungunan ƙanjamau da na hawan jini suka yi araha.

Jami'in tantancewa shi ne wakilin al'umma a wannan ciniki. Yakan duba ko abin sabo ne, ko akwai basirar da ta wuce abin da kowane ƙwararre zai iya tunani, ko za a iya amfani da shi a masana'anta, da kuma ko bayanin ya isa wani masani ya maimaita aikin. Idan magani ƙwaya ɗaya ce da miliyoyin mutane za su sha, aikin a fili yake, domin akwai sinadari guda mai suna da siffa. Allurar mutum guda kuwa ba a san abin da za ta ƙunsa ba sai majinyacin ya zo. Babu kamfanin da zai nemi takarda a kan kowace allura, tunda tantancewa takan ɗauki shekaru, ita kuma allurar an gama da ita cikin watanni. Saboda haka kamfanoni suka karkata ga neman mallakar hanyar: yadda ake gano alamomin, lissafin da ke zaɓen su, yadda ake jera su, kitsen da ake naɗe su, da haɗa allurar da wasu magunguna.

Shinge na farko: abin da halitta ta zo da shi

A Amurka, Kotun Ƙoli ta kafa iyakoki biyu masu muhimmanci. A shari'ar Mayo da Prometheus ta 2012, ta ce alaƙar da ke tsakanin yawan wani sinadari a jini da ƙarfin magani dokar halitta ce, kuma ƙara mata matakan da likitoci suka saba yi bai mayar da ita ƙirƙira ba. A shari'ar Myriad ta 2013, wadda ta shafi ƙwayoyin BRCA1 da BRCA2 masu alaƙa da sankarar mama, ta ce ba za a mallaki DNA da aka ciro daga jikin ɗan Adam ba, amma ana iya mallakar wanda aka sarrafa a ɗakin bincike. Sai shari'ar Alice ta 2014 ta ƙara da cewa tunani ko lissafi zalla bai zama ƙirƙira don kawai an saka shi a kwamfuta.

Allurar mutum guda ta taɓa duka ukun. Sauyin da ke cikin ƙarin daga jikin majinyaci ya fito. Yadda garkuwar jiki ke gane shi dokar halitta ce. Zaɓen alamomin kuma lissafi ne. Don haka lauyoyin kamfanoni sukan rufe da'awarsu da matakin zahiri, wato haɗa allurar da yi wa majinyaci, domin ta tsallake wannan shinge.

A Turai dabarar ta sha bamban. Sashe na 53(c) na Yarjejeniyar Haƙƙin Ƙirƙira ta Turai ya hana mallakar hanyar yi wa mutum magani ko tiyata, don kada a ɗaure hannun likita, amma ya bar ƙofa ga sinadarin da ake amfani da shi wajen maganin. Indiya ma ta hana mallakar hanyar magani a sashe na 3(i) na dokarta. Ke nan jimlar da ta ceci takarda a Amurka tana iya kashe ta a Turai ko Indiya, kuma ƙirƙira ɗaya takan fito da fuskoki daban-daban gwargwadon ofishin da aka kai ta.

Shinge na biyu: faɗin da'awa

Tambayar da ta fi nauyi ita ce faɗin abin da za a ba mai nema. Kamfani zai iya gwada hanyarsa a kan majinyata kaɗan masu sankara iri ɗaya, sannan ya rubuta da'awar da ta game kowace sankara, kowace alama, da kowane mutum. A watan Mayu na 2023, a shari'ar Amgen da Sanofi, alƙalan Kotun Ƙolin Amurka baki ɗaya suka soke da'awar Amgen, wanda ya bayyana tsarin sinadarai 26 na rage kitsen jini amma ya nemi mallakar dukkan dangin da ke aiki iri ɗaya, waɗanda za su iya kai miliyoyi. Hukuncin ya nuna cewa gwargwadon faɗin abin da mutum ya nema, gwargwadon abin da dole ya koyar. A watan Maris na shekarar, babban kwamitin ɗaukaka ƙara na Ofishin Haƙƙin Ƙirƙira na Turai, a hukuncin G 2/21, ya ba da damar kawo hujjojin gwaji daga baya, muddin amfanin da ake iƙirari yana cikin abin da takardar farko ta koyar.

Kamfanoni suna da hujjarsu. Da'awar da aka ƙuntata ga jerin alamomi ƙayyadaddu ba ta kare komai, tunda kowane majinyaci da nasa jerin. Kuma harkar tana cin kuɗi: allurar Provenge ta sankarar mafitsarar maza, wadda ake haɗawa daga jinin majinyaci, ta samu izini a Amurka a 2010 a kan farashin dala 93,000, amma kamfanin Dendreon da ya ƙera ta ya durƙushe a 2014. Sai dai idan aka ba kamfani ɗaya mallakar tunanin gaba ɗaya, wato a karanta ƙari, a zaɓi alamomi, a yi allura, to jami'o'i da ƙananan kamfanoni sai sun biya shi kafin su motsa. Ƙarar da Moderna ya shigar da Pfizer da BioNTech a watan Agusta na 2022 a kan fasahar mRNA ta nuna irin rigimar da ke iya biyo baya.

Inda Najeriya ta tsaya

Wannan muhawara ba ta yi wa Najeriya nisa ba. Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya ya nuna cewa a 2022 an samu sababbin masu cutar sama da 120,000 a ƙasar, kuma kusan 80,000 suka rasu. A watan Fabrairu na wannan shekara ta 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Najeriya cikin ƙasashen Afirka shida na farko da za su karɓi fasahar mRNA, tare da Masar, Kenya, Senegal, Afirka ta Kudu da Tunisiya. Masana'antar da ta iya haɗa rigakafin mRNA a yau, ita ce za a sa ran ta haɗa allurar sankara gobe.

Amma dokar haƙƙin ƙirƙira ta Najeriya ta 1970 ce. A ƙarƙashin sashe na 4, magatakardan ofishin rajista da ke Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari yana duba cikar takardu da biyan kuɗi ne kawai. Ba ya binciken ko abin sabo ne, ko bayanin ya wadatar. Dokar da kanta ta ce ana bayar da takardar ne ba tare da tabbacin ingancinta ba. Haka kuma ba ta fito fili ta hana mallakar hanyar yi wa mutum magani ba, duk da cewa sashe na 27 na yarjejeniyar TRIPS ya ba kowace ƙasa wannan dama. Tun 2005 Najeriya take cikin yarjejeniyar PCT, wadda ke sauƙaƙa wa kamfanin waje shigar da takarda a ƙasashe da yawa lokaci guda.

Ma'anar wannan ita ce, da'awar da aka tilasta wa kamfani ya rage faɗinta a Turai tana iya samun rajista a Abuja da faɗinta na asali. Duk wanda ta tare wa hanya, jami'a ce ko asibitin koyarwa ko kamfanin cikin gida, sai ya garzaya Babbar Kotun Tarayya ya nemi a soke ta, da kuɗinsa da lokacinsa.

Wasu za su ce ai akwai lasisin dole, wanda dokar Najeriya ta tanada kuma Sanarwar Doha ta 2001 ta jaddada. Wannan makami ya yi aiki a kan magungunan ƙanjamau domin ƙwaya ce da masana'antar Indiya za ta iya bugawa ta aiko. Allurar mutum guda kuwa ba a ajiye ta a kanti. Tana buƙatar na'urar karanta ƙwayoyin halitta, da manhajar zaɓe, da bayanan da aka horar da manhajar da su, waɗanda kamfani kan iya riƙewa a matsayin sirrin kasuwanci. Idan takardar ba ta bayyana yadda ake zaɓen ba, to ko wa'adin ya cika babu abin da al'umma za ta gada. Wannan ne ya sa sharaɗin cikakken bayani ya fi muhimmanci a nan fiye da kowane fanni na magani.

Gyaran da ake buƙata ba sabon abu ba ne a duniya. Indiya tana tantancewa da kanta, kuma a 2013 Kotun Ƙolinta ta tabbatar da ƙin ba Novartis takarda a kan maganin sankarar jini na Glivec. Afirka ta Kudu, wadda ke da tsarin rajista irin na Najeriya, ta amince da manufar komawa ga cikakkiyar tantancewa a 2018. Majalisar Dokoki ta Ƙasa na iya fara wa da fannin magunguna: a ɗauki masana kimiyya a horar da su, a wajabta wa mai nema ya gabatar da sakamakon tantancewar da aka yi masa a wasu ƙasashe, a ba jama'a damar ƙalubalantar takarda a ofis kafin a je kotu, a kuma cire hanyar magani daga abin da ake mallaka.

Takardar da aka shigar a 2025 za ta ci gaba da aiki har 2045. Ko da allurar ta ɗauki shekara goma kafin ta iso asibitocin Kano, Ibadan ko Enugu, za ta tarar da takardun da ofishin rajista ke buga wa hatimi a yanzu suna nan da ƙarfinsu.