Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Waldar Bututun Tururi

Zuwa ga iyayen gidanmu masu walda, da yaran da ke koyon aiki a hannunsu. 

Duk mai waldar da ya baro aikin ƙyaure da taga ya shiga matatar mai ko kamfanin siminti irin na Obajana da Ashaka, ya tarar da wani ƙarfe daban, ko da ido bai nuna masa ba. Ƙarfen gama-gari, da zarar zafi ya haura digiri 425 ya zauna, sai ya fara miƙewa sannu a hankali a ƙarƙashin nauyi. Shekara da shekaru ba wanda zai lura, ran nan sai ya tsage.

Shi ya sa ake yi wa ƙarfen zafi gauraye. Kuromiyam yana yi masa siririn ɓawo da ke hana iska cinye shi. Molibdinam ke hana shi miƙewa. Nikel kuwa yana riƙe masa ƙirarsa ta ciki, shi ya sa ƙarfe mai lamba 310, mai kuromiyam kashi 25 cikin ɗari da nikel kashi 20, ke jure zafin da ya zarce digiri 1,000.

A wurin ɗinkin walda ake samun matsala. Sandar 6013 da kowa ya saba da ita tana ba da walda mai kyan gani, amma babu kuromiyam ko molibdinam a cikinta, don haka ɗinkin zai riga bututun mutuwa. A Yunin 1985 bututun tururi ya fashe ta layin walda a tashar lantarki ta Mohave da ke Amurka, mutum shida suka rasu.

A cikin ƙarafan zafi, mai lamba P91 ya fi kowa tsiya. An ƙirƙiro shi a cibiyar bincike ta Oak Ridge a shekarun 1970: kuromiyam kashi 9, molibdinam kashi 1, da ɗan banadiyam da niyobiyam. Sai an ɗumama shi zuwa wajen digiri 200 kafin a taɓa shi, bayan an gama kuma a gasa ɗinkin a kusan digiri 760. Mai kwangilar da ya ce a tsallake gashin don sauri, ai ba shi zai tsaya kusa da bututun ba.

Ƙwararren mai walda ya fara neman lambar da ke jikin bututu da takardar ƙarfen kafin ya kunna inji. In an goge lambar, ya nemi a kawo na'urar gwajin ƙarfe, ya kuma ajiye sandunan P91 a tandarsu, nesa da laima.