Lafiya Uwar Jiki: Gyambon Da Ya Ƙi Warkewa

A wannan fitowa za mu yi magana a kan gyambon da ake ta shafa masa magani wata da watanni bai rufe ba. Abin da ya kamata mu fara sani shi ne gyambo iri-iri ne, kuma maganin da ke warkar da wani yana iya tsananta wani.

Na farko shi ne wanda likitoci ke kira leishmaniose, wanda a nan Aljeriya aka fi sani da sunan garin Biskra, wato clou de Biskra. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai cizo da dare ne ke kawo shi, kamar yadda Edmond Sergent da ɗan'uwansa Etienne na Cibiyar Pasteur ta Aljeriya suka tabbatar a shekarar 1921. Yakan fara da ƙurji a fuska ko hannu ko ƙafa, sa'an nan ya fashe. Babban maganinsa allurar Glucantime ce, a gefen gyambon ko a tsoka. Tana iya taɓa zuciya da ƙoda da hanta, saboda haka a asibiti kaɗai ake yin ta, kuma ba a yi wa mai juna biyu.

Na biyu shi ne gyambon Buruli, wanda 'yan kasuwarmu masu zuwa Benin da Gana da Kwaddibuwa ya kamata su sani. Sau da yawa ba ya ciwo da farko. Ana shan rifampicine da clarithromycine mako 8 cur, ba tsallake rana.

Na uku, pyoderma gangrenosum, ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba: garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa fata. Yana da zafi ƙwarai, kuma yanka ko kankarewa na ƙara masa faɗi. Ana kwantar da shi da kotizon ko ciclosporine, idan ya gagara a koma ga infliximab. To amma wannan kotizon ɗin, idan aka shafa shi a kan gyambo mai ƙwayar cuta, ƙarfi yake ba ta. Haka mai ciwon sukari ba zai ga ƙafarsa ta warke ba sai an daidaita sukarin.

Don haka gyambon da ya kai wata guda bai rufe ba, a kai shi asibiti a gwada, kada a sayi man shafawa a kasuwa, kada a yi sakiya ko a zuba toka. Wanda aka ɗaure wa bandeji kuma, malaman fiƙihu sun halatta masa ya shafa a kansa wajen alwala, kada ya kwance shi ruwa ya shiga. Neman magani ba ya warware tawakkali.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.