Wa Ya Bar Randa a Buɗe?

A kowane gida akwai tambayar da ake yi kullum, amma ba a samun mai amsa ta. A gidanmu tambayar ita ce: "Wa ya bar randa a buɗe?" Inna ce take yin ta, safe da yamma. Kowa sai ya yi tsit, kamar iska ce ta ɗage faifan.

Ba randa kaɗai ba ce. Wani zai yi alwala ya bar buta babu ko ɗigon ruwa. Wani ya ɗauki ashana daga madafa ya manta da ita a ɗakinsa. Tsintsiya kuwa ba ta kwana inda ta kwana jiya. Waɗannan suna ba da haushi, amma ba su kwantar da kowa a asibiti. Maganar ruwan sha daban ce.

Idan randa ta wuni a buɗe, ƙura da ƙuda suna faɗawa ciki. Moɗa ma haka. Yaro zai sha ruwa da ita, ya ajiye ta a ƙasa. Na bayansa ya ɗauka ya tsoma ta cikin randa, har da yatsunsa. Ta irin wannan hanya ce cutar amai da gudawa, wato kwalara, take iya kama mutanen gida ɗaya. A shekarar 2021 an yi zargin cutar ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 kuma suka rasu. Jihohin Bauchi da Kano da Jigawa suna cikin waɗanda suka fi shan wahala. Gaskiya ne, babban dalili shi ne gurɓatattun rijiyoyi da yin bayan gida a fili. Amma ruwan da ya shigo gida da tsabtarsa yana iya lalacewa a hannunmu. Ga kuma sauro mai yaɗa cutar shawara. Yana son yin ƙwai a cikin ruwan da aka ajiye a buɗe, kuma cikin kwana goma ƙwan yakan zama sauro.

To, me ya sa ba mu koyo? Wasu suna cewa yara ne masu mantuwa. Ni ban yarda ba. Yaron da bai taɓa manta lokacin wasan ƙwallo ba, ba mantuwa ce take damunsa ba. Kuma na sha ganin Baba ya sha ruwa ya wuce, faifan yana gefe. Shi dai babu mai yi masa faɗa.

A ganina, ba mu koyo ne domin kullum akwai mai gyarawa. Inna tana faɗa, amma kafin ta gama faɗan ta riga ta rufe randar da hannunta. Mai laifi ya ji faɗa, amma bai tashi daga kan tabarma ba. Abin da ya koya shi ne, idan ya yi shiru na minti biyu, maganar za ta wuce. Ita kuwa Inna aikinta ya ƙaru.

Saboda haka ina ganin a rage faɗa. Wanda ya bar randa a buɗe a kira shi ya rufe da kansa, ko da yana tsakiyar cin tuwo. Manya su fara, domin yara suna kallon abin da ake yi fiye da yadda suke sauraron abin da ake faɗa. A kuma sauƙaƙa aikin: a ajiye moɗa biyu, ɗaya ta ɗiba, ɗaya ta sha. Wanda yake da hali ya sayi bokiti mai murfi da famfo, ba sai an tsoma komai ciki ba.

Mu a gidanmu yayana ya ɗaure moɗar ɗiba da igiya a wuyan randa. Mun yi mako guda lafiya. Jiya da daddare na ji Inna tana tambaya wa ya kwance igiyar.