Sola a ɗakin gona: a fara da lissafi kafin a nufi kasuwa

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ƙaramin janareto ya zama nauyi ga mai ƙaramin ƙarfi. Shi ya sa matasa da yawa masu ɗaki a gona, ko shago a ƙauyen da wayar NEPA ba ta kai ba, suka koma sola. Shawara ce mai kyau. Matsalar ita ce yawancinsu daga ƙarshe suke farawa: sai mutum ya sayi inbata mai girma da faranti ɗaya, ya haɗa da tsohon batirin mota, bayan wata uku ya ce sola yaudara ce. Laifin ba na rana ba ne, na rashin lissafi ne.

Abu na farko shi ne a rubuta abin da za a kunna da awowin da zai yi. Waya mai batir 5000mAh tana cin kusan 25Wh a cika ɗaya, idan an haɗa da asarar caja. Wayoyi huɗu 100Wh ke nan. Ƙwai uku na LED masu wat 5, awa biyar, 75Wh. Fankar DC mai wat 15, awa takwas, 120Wh. Laftof mai wat 45, awa uku, 135Wh. Jimilla 430Wh a rana.

A arewacin Najeriya ana samun kimanin awa biyar na cikakkiyar rana. Farantin wat 200 zai ba da 1000Wh a takarda, amma zafi da ƙura da wayoyi suna cinye kusan kashi 30. Ya rage 700Wh, wanda ya ishi wannan ɗaki har da rara don gajimaren Agusta. Lambar da ke bayan faranti an auna ta ne a zafin digiri 25, kuma kowa ya san yadda rufin kwano yake a watan Afrilu. Don haka a bar wa iska hanya a ƙarƙashinsa.

Inda ya kamata kuɗi ya tafi shi ne batir. An ƙera batirin mota ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na daƙiƙoƙi a tada inji, zuƙe shi kowane dare kuwa kashe shi ne. Batirin ruwa mai 12V 100Ah yana ɗauke da 1200Wh, amma rabi kawai ake ci idan ana so ya daɗe. Batirin LiFePO4 mai girma ɗaya yana ba da kashi 80 ko fiye, yana jure caji sau dubbai, kuma ba a ƙara masa ruwa.

Wani zai ce litiyom ya fi ƙarfin aljihunsa. Gaskiya ne, tsadarsa a fili take. To amma wanda zai sauya batir mai araha sau uku kafin na maƙwabcinsa ya gaji, shi ne ya biya da tsada. Wanda ba shi da hali yanzu ya sayi batirin ruwa na sola, ya kiyaye dokar rabi. Wannan ya fi batirin mota nesa ba kusa ba.

Inbata ma ba dole ba ce. Waya da fitila da fanka duk suna aiki da DC kai tsaye, ita kuwa inbata tana shan wuta ko ba a jona komai ba. A saya ta sai in akwai na'urar da ba ta aiki sai da ita, kuma daidai buƙata.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma su ke hana gobara da asara. A sa fiyus dab da kan batir. A yi amfani da waya mai kauri ta tagulla. A fara jona batir da kantirola kafin faranti. Farantin ya ɗan kallo kudu, da karkata kusan digiri 12 a yankin Kano, a riƙa goge shi da safe lokacin hunturu.

Duk mai wayar da ke buɗe TikTok yana da kalkuleta a cikinta. Minti goma da ita kafin a shiga kasuwa ya fi duk shawarar mai shagon da ke son ya rabu da kayansa.